Yadda Ake Zana Hoton Dare Mai Tayar da Tsigar Jiki Daga Kwanan Daji a Lokacin Kaka

A ƙasashe masu sanyi irin su Amurka da Kanada da arewacin Turai, watan Oktoba shi ne lokacin da ganyen itatuwa ke rikiɗa daga kore zuwa ja da rawaya da ruwan goro kafin ya kakkaɓe, kuma a daidai wannan lokacin ne masu zane ke cika shaguna da kasuwannin baje koli da hotunan dare, da kufai, da mujiya, da kabewa mai fuska. Dalili na farko shi ne bikin Halowin na ranar 31 ga Oktoba, wanda ake danganta asalinsa da wani tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ailan da Sikotilan. Na biyu kuma shi ne al'adar Inktober da mai zane Jake Parker ya fara a 2009, inda mutum ke ɗaukar wa kansa alkawarin yin zanen tawada guda ɗaya kowace rana har watan ya ƙare.

Mafi yawan waɗannan hotuna kamanninsu ɗaya ne, domin masu yin su daga juna suke kwaikwaya. Waɗanda ke tsayar da mai kallo, har ya ji tsigar jikinsa ta tashi, kusan kullum sun fito ne daga hannun wanda ya taɓa kwana a daji da kansa, ya zauna gaban wuta yana kallon iyakar inda haskenta ya tsaya. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida, kuma abin da ke ba da tsoro a daji ba kasafai ake ganinsa ba. Saboda haka hanyar da zan bayyana ba ta buƙatar a zana fatalwa ko dodo, ba ta ma buƙatar a zana wani abu mai rai, wanda hakan zai yi wa masu kauce wa zanen mai rai daɗi. Ba ta kuma rataya a kan bikin Halowin ba. Daji da dare da wuta sun isa. Zan yi misali da gandun dajin Shenandowa na jihar Bajiniya ta Amurka, amma matakan za su yi aiki a duk dajin da ganyensa ke zuba da kaka.

Mataki na farko: zaɓen lokaci da wuri

An kafa gandun Shenandowa a 1935 a kan tsaunukan Blue Ridge, tafiyar mil 75 ko kusa da haka daga birnin Washinton, kuma hanya guda mai suna Skyline Drive, mai tsawon mil 105, ta ratsa shi daga arewa zuwa kudu. Launin ganye yakan fara sauyawa daga ƙololuwar tsauni sannan ya gangaro, kuma yawanci yakan cika tsakanin tsakiyar Oktoba da ƙarshensa. Abin da ke faruwa shi ne, idan yini ya gajarta itace yakan daina sarrafa sinadarin da ke ba ganye launin kore, sai rawayar da take ɓoye a cikinsa tun farko ta bayyana, jan kuma ya samu daga sukarin da ya taru a ganyen, musamman idan an yi rana mai haske da dare mai sanyi. Itacen mapul yakan yi jawur, hikori ya yi ruwan zinariya, ok kuma ya tsaya a ruwan ƙasa.

Masu yawon buɗe ido suna son makon da launi ya cika, amma ni shawarata ga mai wannan zane ita ce ya je bayan nan da mako guda, lokacin da kusan rabin ganyen ya zube. A lokacin ne rassa ke fitowa tsirara kamar yatsu, ragowar ganye na reto a kansu, ƙasa kuma ta lulluɓe da busasshen ganye mai ƙara idan an taka. Wuraren kafa tanti irin na Big Meadows, da ke kusan tsakiyar gandun, suna cika da wuri a ƙarshen mako na Oktoba, don haka a kama wuri tun da watanni, ko a je tsakiyar mako, wanda ya fi shiru.

A duba kwanan wata na Musulunci kafin a sa rana. Daren 14 yana da farin wata tun daga magariba har asuba, kuma haskensa yakan kashe duhun da ake nema. Na fi son daren 8 zuwa 10, domin wata yana sama tun almuru, ya faɗi bayan tsakar dare, sai mutum ya ga dajin iri biyu a dare guda.

Mataki na biyu: kayan da za a ɗauka

Kayan daji daban, kayan gida daban. Abin da za a tafi da shi kaɗan ne: ƙaramin littafin zane mai bango mai ƙarfi, fensir mai laushi irin 4B ko 6B, reza ta feƙe shi, alƙalamin tawada wadda ruwa ba ya narkarwa bayan ta bushe, tocilar goshi mai jan haske, da leda mai zif ta ajiye littafin. A ƙara da safar hannu mai buɗaɗɗun yatsu, domin a kan tsauni sanyin dare yakan kusanci na ƙanƙara a wannan wata, kuma yatsun da suka sandare ba sa riƙe fensir. Ban da fentin ruwa da daddare. A cikin sanyi da laima takarda ba ta bushewa, launi kuma ba ya ganuwa daidai a hasken wuta.

Ledar nan kada a raina ta. Na taɓa barin littafina a kan teburin zango na shiga tanti, da safe na tarar raɓa ta jiƙa shi sharkaf, shafukan sun tattare, tawadar da na yi amfani da ita a lokacin kuma ta malale ta haɗe zanen dare biyu wuri guda. Tun daga ranar nake gwada kowace tawada da ɗigon ruwa kafin in fita da ita.

Kayan da za su jira a gida su ne takardar fentin ruwa ta auduga mai nauyin giram 300, wadda girmanta bai wuce santimita 23 da 31 ba ga mai farawa. Buroshi uku, wato mai faɗi ɗaya, zagayayye babba mai lamba 12, da siriri mai lamba 2 ko 4. Salatif na takarda da allon katako. Sai launuka biyar kawai: shuɗin altramarin, ruwan ƙasa mai ja da ake kira siyena ƙonanniya, rawaya, ja, da farin guwash, wato fentin ruwa mai kauri da ke rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya taɓa haɗa tawadar allo da baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro ya riga ya san sirrin fentin ruwa, domin shi ma garin launi ne da aka ɗaure da ƙaro.

Mataki na uku: zaman dare

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane ke gaggawa. A kafa tanti da sauran rana, a kammala girki, a kulle abinci da duk abin da ke da ƙamshi a bayan mota ko a akwatin ƙarfen da aka tanada, saboda baƙar dabbar beyar tana yawan neman abinci da kaka domin tara kitse kafin hunturu. A hura wuta a cikin murhun ƙarfen da ke zangon kawai, da busasshen icen da ya faɗi ƙasa a wurin ko wanda aka saya mai hatimin hukuma. Dokar hana shigo da ice daga nesa ta samo asali ne daga ƙwarin da ke ɓuya a ɓawo, irin koren ƙwaron nan da aka gano kusa da birnin Ditiroit na Amurka a 2002, wanda ya kashe miliyoyin itatuwan ash. Kada kuma a shigar da garwashi ko risho cikin tanti komai sanyi, domin iskar da suke fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

A tsakiyar Oktoba rana tana faɗuwa a can wajen ƙarfe shida da rabi. Bayan sallar magariba, sai ka ja kujerarka baya daga wutar kamar taku goma, ka ajiye waya, ka zauna. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallon fuskar waya sau ɗaya yana mayar da kai farko. Jan hasken tocila bai cika ɓata wannan sabon ba, shi ya sa ake zaɓarsa. Hoton waya kuwa ba zai taimake ka sosai ba, domin wayoyin yanzu suna haskaka dare su fito da duk abin da idonka bai gani ba, alhali abin da bai gani ba ɗin shi ne jarinka.

Akwai abubuwa huɗu da nake son ka lura da su da idonka, ka rubuta su da kalmomi a gefen shafi, tun kafin ka ja layi ko ɗaya.

Ka duba yadda hasken wuta ke mutuwa da sauri. Idan nisa ya ninka sau biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ninka sau uku, kashi ɗaya cikin tara. Shi ya sa itacen da ke kusa da murhu yake fitowa da duk tsagar ɓawonsa, na bayansa ya zama ja-ja mai duhu, na uku kuma ba a ganin komai nasa sai siririn layi a gefe guda. Ka ƙirga itatuwa nawa hasken ya taɓa kafin duhu ya haɗiye sauran, ka rubuta adadin.

Ka duba kuma ta ina hasken ke bugun abubuwa. Mun saba da hasken da ke saukowa daga sama, na rana ko na fitilar ɗaki, amma wuta tana haskawa daga ƙasa, sai ƙarƙashin rassa ya yi haske samansu ya yi duhu, inuwar kowane abu ta gudu daga wutar ta kowace fuska, ta hau jikin tanti tana tsawo tana rawa. Wannan juyewar haske ita ce ke sa wurin da ka sani da rana ya zama baƙo da dare.

Na uku shi ne launi. A cikin duhu ido yana fara rasa ja, shuɗi da kore kuma su yi kamar sun fi haske. Jan ganyen mapul da ya ɗauke maka hankali da la'asar zai koma kusan baƙi a hasken wata, ba zai dawo ja ba sai inda wuta ta taɓa shi. Mai zanen da ya cika dajin dare da jajayen ganyaye ya nuna cewa daga hoton rana ya kwafa.

Na huɗu shi ne lokacin da gabanka ya faɗi. Zai faɗi, ko da sau ɗaya ne: busasshen ganye ya yi ƙara a bayanka, ko mujiya ta yi kuka daga wani kwari, ko ka haska tocila ka ga idanu biyu suna ƙyalli tsakanin itatuwa, waɗanda yawanci na barewa ne, domin a bayan ƙwayar idonta akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske. Ka rubuta ainihin abin da ka ji, da wajen da ya fito, da abin da ka zata kafin ka gane gaskiyarsa. Wannan zaton shi za ka zana idan ka koma gida.

Bayan haka sai ka yi ƙananan zane guda biyar ko shida, kowanne bai wuce tafin hannu ba, kowanne cikin minti uku. Kada ka bi ganye ɗaya-ɗaya. Ka raba abin da kake gani gida uku, wato fari da toka-toka da baƙi, ka cike su da gefen fensir. Idan kana son gawayi, ɗauki tsinken da ya ƙone a gefen murhu bayan ya huce, ka gwada shi. Wani yana karce takarda, wani kuma yana da laushi, kuma baƙinsa ya fi na fensir zurfi.

Mataki na huɗu: fitar asuba

Ka tashi kafin gari ya waye sosai. Bayan dare mai sanyi da sararin sama garau, hazo yakan kwanta a kwaruruka da filayen ciyawa, a Shenandowa kuma gajimare kan rufe tsaunin kansa har ba ka ganin tantin maƙwabcinka. Ya yi kama da hazon hunturu na ƙasar Hausa ta wajen yadda yake shafe nesa, sai dai wannan jiƙaƙƙe ne, yana tafiya, yana buɗewa yana rufewa. Ka lura da yadda itatuwa ke jeruwa sahu-sahu, na gaba baƙi ƙirin da kaifin gefe, na tsakiya ruwan toka, na can baya kamar numfashi a jikin gilashi. Ka zaɓi itace guda mai karkataccen jiki ko kogo, ka zana shi da tawada a tsanake, tun daga saiwa har inda rassa suka rabu, kana bin yadda kowane reshe ke sirancewa yayin da yake nisa da gindi.

Idan ka bi wasu hanyoyin ƙafa a gandun za ka iya cin karo da katangar duwatsu, ko bututun hayaƙin wani gida yana tsaye shi kaɗai, ko ƙaramar maƙabarta a cikin ciyawa. Waɗannan kufan mutanen da suka zauna a tsaunin ne, ɗaruruwan iyalai da aka tasa a shekarun 1930 domin a kafa gandun. Kufai irin wannan yana da ƙarfi a zane, kuma masu zane sun daɗe da sanin haka. Caspar David Friedrich na Jamus ya zana rusasshen wurin ibada a tsakiyar tsiraran itatuwan ok tsakanin 1809 da 1810, hoton da ke birnin Balin a yau. Amma ina roƙon mai zane ya tuna cewa jikokin waɗannan mutane suna raye, wasu suna ziyartar kaburburan. A zana katanga da bututu, kada a kwafi sunan da ke kan kabari, kada a mayar da maƙabartar wasu abin wasa, kada kuma a ɗauke ko da tsakuwa ɗaya, domin doka ta hana.

Mataki na biyar: tsara hoton a gida

Kada a bari kwana uku su wuce kafin a zauna, tun abin yana sabo a ƙwaƙwalwa. A baje ƙananan zanen nan a kan tebur, a zaɓi wanda ya fi ƙarfi idan an kalle shi daga nesa, ba wanda ya fi tsafta ba. Ƙa'idar da nake bi ita ce duhu ya ci kashi biyu cikin uku na takarda. A sa wutar a ƙasa, ta karkata zuwa hagu ko dama, kada ta zauna a tsakiya, sannan a bar babban sarari na duhu a ɗaya ɓangaren, domin can idon mai kallo zai je yana lalube.

Yanzu sai a yanke shawara a kan abu guda da bai yi daidai ba a cikin hoton. Guda ɗaya nake nufi. Yana iya zama kujerar zango da ta faɗi a gefen wutar da ke ci ba kowa a wurin, ko ƙofar tanti a buɗe fitila na ci a ciki, ko inuwa a jikin tanti wadda ba a ga mai ita ba, ko tsagar ɓawon itace da ta yi kama da fuska idan an ƙura mata ido. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana saurin ganin fuska a inda aka sami ɗigo biyu da layi a ƙasansu, don haka ba sai an fito da ita sosai ba. Wanda na fi amfani da shi shi ne idanu biyun nan masu ƙyalli, amma in ɗaga su sama da inda kan barewa zai kai, kusan tsayin reshe na biyu. Mai kallo ba zai iya cewa ga abin da ke damunsa ba, amma zai ji cewa wani abu ya fi ƙarfin wurin. Idan aka haɗa kujera da inuwa da idanu da jemagu da kabewa a hoto ɗaya, tsoron ya tafi, an koma kwalliyar shago.

Game da kabewa, wanda yake son alamar kaka zai iya ajiye ƙarama guda a kan teburin zango ba tare da an sassaƙa mata fuska ba. A Ailan ma da wani tushe mai kama da gwaza, wato tanip, ake sassaƙa fitilar, sai da al'adar ta isa Amurka aka koma kabewa.

Mataki na shida: fenti

A manne takardar a allo da salatif ta fuska huɗu, a fitar da tsarin da fensir mai haske ƙwarai: wurin wuta, tanti, manyan itatuwa uku ko huɗu. A fentin ruwa ana farawa ne daga haske zuwa duhu, daga baya zuwa gaba, kuma farin takarda shi ne haske mafi ƙarfi da kake da shi, don haka tsakiyar harshen wutar kada fenti ya taɓa ta.

Ka jiƙa takardar duka da buroshi mai faɗi da ruwa mai tsabta, ka jira har ƙyallin ruwan ya ragu. Ka zagaye farin wutar da rawaya, ka bi bayanta da ruwan goro na haɗin rawaya da ja, sannan siyena, kana faɗaɗa zoben, ka ƙare da shuɗi a gefuna da sama. Ka kula kada rawaya ta haɗu da shuɗi kai tsaye, domin za su haifi kore, kuma koren zobe a kewayen wuta yana ɓata hoto. Siyenar da ke tsakani ita ce katangarsu. Tun takardar tana da laima, ka ja sahun itatuwan can baya da shuɗi mai ruwa-ruwa, ka bar gefensu ya narke. Hazon ke nan. Idan kana son ƙasa ta yi kamar sanyi ya daskare a kanta, ka barbaɗa gishiri kaɗan a lokacin da ƙyalli ke shirin ɓacewa, ka kakkaɓe shi bayan ya bushe.

Daga nan sai haƙuri. Takardar ta bushe ƙarau kafin a sake taɓa ta, kuma hanyar ganewa ita ce a ɗora bayan hannu: idan da sanyi-sanyi, da sauran ruwa a ciki. Fentin ruwa yakan yi haske bayan ya bushe fiye da yadda yake a jiƙe, saboda haka duhun dare ba ya samuwa a shafa ɗaya. Ana gina shi ne shimfiɗi uku ko huɗu, kowanne ya bushe kafin na gaba, kuma kowanne ya tsaya ɗan nesa da wutar fiye da wanda ya gabace shi. Ta haka mutuwar hasken da ka ƙirga a daji za ta fito da kanta.

Baƙin da za ka yi amfani da shi ka haɗa shi da kanka daga altramarin da siyena ƙonanniya. Idan shuɗi ya rinjaya ya zama baƙi mai sanyi, wanda ya dace da sama da nesa. Idan siyena ta rinjaya ya zama baƙi mai ɗumi, na kusa da wuta. Baƙin da ake sayarwa a haɗe yakan kwanta a takarda kamar kwalta, ba ya numfashi. Da wannan haɗin za ka ja itatuwan tsakiya da buroshi mai lamba 12, kana barin siririn layin ruwan goro na shafar farko a gefen da ke fuskantar wuta da kuma ƙarƙashin rassa. Ka duba kowane itace ka tambayi kanka ta ina wutar take daga inda yake tsaye, domin kuskuren da ya fi yawa shi ne a haskaka dukkan itatuwa ta gefe ɗaya, alhali na hagu da wutar damansu ke haske, na dama kuma hagunsu. Inuwarsu a ƙasa ita ma ta fita daga wutar kamar tsinkayen ƙafar keke.

Itacen gaba, wanda ka zana da asuba, shi za a yi da tawada, baƙi ƙirin, ya shigo daga gefen takarda rassansa su miƙa ta saman hoton. A riƙe alƙalami ko siririn buroshi daga can ƙarshensa, a ja reshe daga gindi zuwa tsini, a ɗan karya layin a kowace gaɓa, domin reshen ok ba ya lanƙwasa sumul kamar igiya. Ganyaye kaɗan sun isa: bakwai ko takwas masu ja da ruwan goro a cikin da'irar haske, sauran kuma ɗigon duhu ne kawai. Wanda yake son launin ƙasa mai zurfi na kaka zai iya dafa ɓawon ɗanyen goron walnut baƙi, wanda ke zuba a wannan lokaci, na tsawon sa'o'i, ya tace, ya zuba ƙaro kaɗan; tawada ce mai kyau ga busasshen ganye da katangar dutse, amma tana rina hannu na kwanaki, don haka a sa safar roba.

Hayaƙi ba a fenta shi, cire shi ake yi. A jiƙa buroshi mai tsabta, a goga a hankali daga saman wuta ana murɗawa, a danna da tsumma ko takardar goge hannu, sai duhun ya ɗago ya bar sawu mai laushi. Tartsatsi kuma da tsohon buroshin haƙori ake yinsa: a haɗa farin guwash da rawaya, a rufe sauran hoton da takarda, a karta gashin buroshin da yatsa a saman wutar kawai.

Mataki na ƙarshe: abin da ke cikin duhu

Ka jingina hoton a bango ka bar shi ya kwana. Washegari da almuru, kafin a kunna fitila, ka tsaya taku biyar daga gare shi ka lura da inda idonka ke zuwa bayan ya bar wutar. A nan za ka sa idanun, idan su ka zaɓa. Ka haɗa guwash da ɗan kore ko rawaya domin kada su yi fari fat, ka gwada a wata takarda mai duhu, sannan ka ɗiga biyu da bakin siririn buroshi, ƙanana kamar ƙwayar gero, ɗaya ya ɗan fi ɗaya dusashewa. Kada ka zana kai ko jiki a kewayensu. Idan wanda ka nuna wa hoton ya gan su nan take, sun yi haske da yawa, sai ka shafa musu siririn ruwan shuɗi bayan sun bushe. Abin da ake so shi ne ya kalli wutar da tantin tukuna, ya yi shiru, sannan ya gan su.

A cire salatif a hankali ana jan sa waje daga hoton, domin kada ya yage fuskar takarda. A bayan takardar a rubuta wurin da aka kwana da kwanan wata da fensir. Idan za a buga shi a matsayin kati ko a sayar da kwafi, a ɗauke shi da na'urar sikana a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci ko fiye, kuma a buga gwaji ɗaya tukuna, domin hotuna masu duhu sukan fito daga injin buga takarda da duhun da ya wuce na fuskar kwamfuta, har sahun itatuwan baya da idanun su nutse gaba ɗaya. Idan hakan ta faru, a ɗaga hasken tsaka-tsakin launuka kaɗan a kwamfuta, a bar baƙin itacen gaba yadda yake, a sake buga gwaji a kan irin takardar da za a yi katin da ita.